Ta yaya mutanen labarina za su shaƙi iska a duniyar Mars?

Malam, kashi 95 cikin 100 na iskar Mars kabon dayokside ce, daga cikinta mutanen labarinka za su tatso oksijin. Na'urar MOXIE da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗora wa motar binciken Mars mai suna Perseverance ta gwada haka daga 2021 zuwa 2023, tana zafafa iskar har kusan digiri 800 a ma'aunin Celsius. Iyakar ƙoƙarinta gram 12 na oksijin a awa, alhali mutum ɗaya na shaƙar kusan gram 840 a rana. Ka ba su babbar na'ura da wutar nukiliya. Sola kaɗai ba ta isa, guguwar ƙurar 2018 ce ta tare hasken rana ta kashe Opportunity, wata motar binciken Mars mai aiki da sola. In kana neman tashin hankali a labarin, ƙura ta toshe musu matatar iska.