Me ya sa ƙanena soja ya hana ni sa hularsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya gama horon soja a Defo na Zariya, har mun je bikin yaye su. Da ya zo gida hutu na ɗauki hularsa zan ɗora a kai a yi mini hoto, sai ya karɓe ta da sauri, ya ce don Allah kada in ƙara. Abin ya sosa mini rai, don ni na yi ɗawainiyarsa tun bayan rasuwar mahaifinmu. Da gaske doka ce ta hana, ko girman kai ne ya fara shigarsa? Kuma a wurin faretin na ga huluna launi-launi da alamomi a kafaɗa da hannu, ban gane kansu ba. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya alheri, ya tsare mana shi a duk inda aka tura shi. Ka kwantar da hankalinka, yaron nan bai raina ka ba. Na daɗe ina koya wa kurata fareti, kuma da a gabana ya bar ka ka sa hular nan, ni da kaina zan tsawata masa.

Bari in fara da hular. Ranar da aka ba kurtu hular ulun nan mai kwantawa gefe, wadda muke kira baret, ba ta da wani fasali, sai ka ce faifai. Shi zai jiƙa ta da ruwa, ya matse, ya ɗora a kansa tana ɗiga, ya daidaita bakinta a saman gira, ya sa bajo daidai saman idon hagu, sannan ya ja sauran ya kwantar wajen kunnen dama. Haka zai zauna da ita har ta bushe ta ɗauki siffar kansa. Wani sai ya maimaita sau uku kafin kofur ya ce ta yi. Hular da ka ɗauka ta sha wannan wahalar, kuma in wani kan ya shige ta sai ta buɗe. Faransawa su kuma bajonsu a dama yake, hular ta kwanta hagu, kuma ƙasashe da yawa da suka mulka sun gaji hakan.

Amma abin da ya fi siffar muhimmanci shi ne bajon. Ka duba na ƙanenka da kyau in ya yarda ya nuna maka: mikiya a sama, tauraro mai tsini shida a ƙasanta, da rubutun Larabci, Nasrun minallah, wato nasara daga Allah take. Wannan ce shaidar cewa mai hular yana ƙarƙashin rantsuwa da umarni. A al'adar da muka gada daga sojan Ingila, soja ba ya sara wa na gaba da shi da hannu in kansa babu hula, sai dai ya ƙame. Ka ga ke nan hula ba ado ba ce a wurinsa, da ita yake gaisuwar aiki.

Dokar kuwa tana nan. Sashe na 110 na Kiriminal Kod, kundin dokokin laifuka da ake aiki da shi a Kudu, ya ce wanda ba soja ba in ya sa kakin soja, ko wani yanki nasa, ko tufar da ta yi kama da shi, ya yi laifi, hukuncinsa ɗaurin wata ɗaya ko tarar naira goma. Adadin tarar kaɗai ya isa ya nuna maka tsufan dokar. Ta kuma keɓe masu wasan kwaikwayo. A Arewa, dokar laifuka da ake kira Final Kod ta hana mutum sa tufa ko alamar ma'aikacin gwamnati da nufin a ɗauka shi ne. Shi kuma sojan da ya ba da aron kayansa, horon da ke jiransa a bariki daban ne. Yau hoto ba ya zama a aljihu. Ka sa a WhatsApp, gobe yana Facebook, jibi wani na gaba da shi ya gani ya tambayi hular wa ce. Yaron da bai daɗe da fitowa daga Defo ba ba shi da bakin kare kansa.

A nan akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma zan faɗa. Dokar nan ba ta ba wani soja izinin ya tsare saurayi a titi don ya sa wando mai zanen kakin soja, ya sa shi tsallen kwaɗo ko ya tuɓe shi a bainar jama'a ba. Mai laifi 'yan sanda ake miƙa wa, alƙali ya yanke. Sojan da ya yi dukan nan shi ma ya ci mutuncin kakin da yake cewa yana karewa. Sai dai dalilin hanin ba wasa ba ne. Duk wanda ke bin hanyoyinmu ya ji labarin masu tare hanya sanye da kakin soja, direba ya rage gudu don ya ɗauka jami'ai ne. In kowa na iya sa kaki, ba mai sanin wanda zai tsaya wa.

Har a dokokin yaƙi na duniya haka abin yake. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta sa alamar da ake iya ganewa daga nesa cikin sharuɗɗan da mayaƙan sa-kai za su cika kafin a ba su haƙƙin fursunan yaƙi, kuma ta hana a cire wa fursuna alamar muƙaminsa.

To, sai karatun alamomin da ka gani. Na ƙananan sojoji a hannun riga yake, mu kan ce igiya. Igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje. In ka ga igiya uku da mikiya a samansu, sitaf saje ne. Daga nan sai su samanja, waɗanda bariki ke tsayuwa a kansu, don hafsa yakan ba da umarni ne amma samanja ke tabbatar da an yi. Ƙanenka yanzu hannunsa fayau yake, farabiti ne, sai ya yi haƙuri.

Na hafsoshi a kafaɗa yake, kuma tauraron nan anini muke ce masa. Dattawa za su tuna anini, ɗan kuɗin zamanin Turawa mai huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, wanda goma suke yin kwabo. Anini ɗaya ƙaramin laftana, biyu laftana, uku kyaftin. Manjo mikiya ce ita kaɗai. Mikiya da anini ɗaya laftanar kanar, da biyu kanar, da uku birgediya janar. Daga manjo janar ake ƙara takobi da sanda a gicciye. Hanya mafi sauƙi daga nesa ita ce ka dubi wuyan riga: in ka ga jan ƙyalle a kwala, daga kanar ne zuwa sama.

Launin hula kuma yana nuna sashen da mutum yake aiki, ba girman muƙaminsa ba. Ja ta 'yan sandan soja ce, su ne masu kama sojan da ya karya doka, shi ya sa in suka doso kowa ke gyara tsayuwa. Baƙa an san ta da masu tankokin yaƙi. Asalinta daga rundunar tanka ta Ingila ne a 1924, don cikin tanka matsattse ne, hula mai baki irin hana-salla ba ta barin mutum ya kai ido jikin maleƙa, kuma baƙi ba ya nuna dattin mai. Shuɗiya mai haske ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, an fara ta a rikicin Suwez na 1956, kuma sojojinmu sun sa ta a Kwango a 1960. Mai ita in ya dawo gida sai ya ajiye ya koma tasa.

Kada ka ɗauka kayan nan haka suke tun fil azal. Rundunar sojan Najeriya tana danganta asalinta da 'yan dakarun da wani Baturen Ingila mai suna Glover ya tara a Legas a 1863, waɗanda aka sani da Hausawan Glover. Kakanninmu da suka yi soja a rundunar Afirka ta Yamma zamanin Turawa jar dara suke sawa a fareti, da jar ɗamara, bajonsu kuma bishiyar kwakwa. Dokar tufafi takan sauya in hukuma ta ga dalili. A 2017 sojan ƙasa na Amurka ya sauƙaƙa ba da izinin hijabi da rawani da gemu saboda addini. A 2024 sojan ƙasa na Ingila ya halatta gemu. A nan gida, a 2022 rundunar 'yan sanda ta amince mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hula. Ni ina ganin irin wannan gyara yana da kyau, don yana buɗe ƙofa ga 'ya'yan mutane da dā suke ja da baya. Amma ka lura, duka daga sama aka rubuto su, aka fayyace launi da yadda za a ɗaura. Soja ɗaya ba ya ƙara ko rage wani abu a jikin kakinsa da ra'ayin kansa, balle ya ba da aro.

Game da hoton da kake so, ka sa shi ya shirya tsaf, ya goge takalmi, ya sa hularsa. Kai kuma ka sa babbar rigarka da hularka ta zanna, ku tsaya tare a ƙofar gida. In za ka sa a intanet ka tambaye shi tukuna, don rundunar tana da ƙa'idojinta a kan hotunan sojoji cikin kaki a kafafen sada zumunta, kuma sunansa yana rubuce a ƙirjin rigar. Ka wanke guda ɗaya babba ka kai wa mahaifiyarku ta rataye a ɗaki.