Tambaya da Amsa: Wace sandar tuƙi zan saya don wasan jirgin sama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Garwa, ina zaune a Roumdé Adjia. Yayana ya bar mini kwamfutarsa, na sa wasan koyon tuƙa jirgin sama na FlightGear a ciki, amma da kibod nake tuƙi, kuma duk sanda na zo sauka sai jirgin ya daki ƙasa da hanci. Na tara sefa dubu 40. Wani mai kayan gwanjo ya nuna mini joistik ɗin Logitech, wato sandar tuƙi, abokina kuma ya ce in bar kuɗina in yi amfani da manet ɗin PlayStation, wato abin riƙo na buga wasa. Wanne zan bi, kuma yaya ake saita shi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, kibod ne ke kayar da kai. Maɓalli abu biyu kawai ya sani, ko an danna shi ko an sake shi, alhali sauke jirgi yana son a riƙa jan hancinsa sama sannu a hankali har tayoyin baya su taɓa ƙasa. Manet ɗin abokinka ya fi kibod nesa ba kusa ba, kuma in yana nan a hannu ka fara da shi yau. Sai dai 'yar sandarsa gajera ce, babban yatsa kaɗai ke motsa ta, ga shi ba shi da totur da zai tsaya inda ka ajiye shi. Wanda ya ɗauki abin da gaske, ƙarshenta sai ya nemi sandar tuƙi.

Abin da nake so ka duba kafin komai shi ne abin da ke cikin sandar, domin a ƙasarmu ƙura ce ke kashe ta. Iri biyu ne. Akwai masu aiki da ɗan ƙarfe da ke goga a kan layin gawayi, irin maɓallin ƙara sauti na tsohuwar rediyo, wanda in ya tsufa sai ka ji ƙarar kwar-kwar in ka murɗa shi. Da hazon hunturu ya shiga ciki, sai jirgi ya fara rawa a allo ba ka taɓa komai ba. Ɗaya irin kuwa da maganaɗisu yake aiki, babu abin da ke gogar wani, don haka ƙura ba ta cin sa da wuri.

In Logitech ɗin da aka nuna maka Extreme 3D Pro ne, to na irin farko ne. Kada wannan ya sa ka raina shi. Yana da maɓallai 12, da ɗan totur a gindinsa, ana murɗa sandar hagu da dama don karkata wutsiyar jirgi, sannan akwai ɗan maɓalli a samansa na waige-waige. Duk abin da mai koyo ke bukata yana nan, amma an ƙera shi don hannun dama ne. Ni dai in an ba ni zaɓi a Garwa ko Marwa, Thrustmaster T.16000M zan ɗauka, saboda motsinsa na gaba da baya da na gefe duk maganaɗisu ne, maɓallansa 16, kuma bahago na iya juya shi ya dace da hannunsa. Wajen murɗawar da totur ɗinsa ne ba su da maganaɗisu, kuma wajen murɗawar ne ya saba fara lalacewa. In kuɗinka bai kai ba, Logitech mai lafiya ya ishe ka shekaru. Masu totur daban, irin T.Flight Hotas, suna da daɗin riƙo, sai dai ba su za su gyara maka sauka ba, ka bar su sai gaba.

Kayan gwanjo kuwa, don Allah kada ka ba da ko dala sai ka gwada. Ka je da kwamfutar, ko ka roƙi mai shagon ya jona a tasa. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl, ka zaɓi sandar, ka shiga wajen gwaji. Za ka ga ɗan kuros, wato alamar +, a cikin akwati. Ka ɗauke hannunka ka zuba masa ido. In ya tsaya cak a tsakiya, madalla. In yana karkarwa kaɗan, za a iya zama da shi, amma ka nemi ragi. In yana tsalle daga wuri zuwa wuri, ka mayar masa da kayansa. Daga nan ka kai sandar kowace kusurwa a hankali ka ga ko kuros ɗin yana bin ta ba tare da tsallake ba, ka murɗa ta, ka tura totur har ƙarshe ka dawo da shi, ka danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Ka duba wayar kuma, musamman inda ta shiga gindin sandar. Mai gaskiya ba zai hana ka wannan gwajin ba.

Wajen saiti, ka jona sandar kafin ka buɗe wasan, kuma kada hannunka ya kasance a kanta lokacin jonawa, domin da yawansu inda suka tsinci kansu a lokacin nan suke ɗauka a matsayin tsakiya. Ka shiga saitin joistik na FlightGear ka tabbatar abubuwa huɗu sun zauna daidai: ja baya ya ɗaga hanci, gefe ya kwantar da fiffike, murɗawa ta motsa wutsiya, tura totur gaba ya ƙara wuta. In ɗaya ya zo a juye, akwai wajen juya shi. Ka tabbata kuma ba a ba abu biyu aiki ɗaya ba, misali manet da sanda duk suna jone suna jayayya a kan hancin jirgi.

Sai abu biyu da su ne zuciyar aikin. Na farko ɗan filin da ke tsakiya inda sanda ba ta ji, wanda za ka ga an rubuta Dead zone, ko Zone morte a wasa mai Faransanci. Ka buɗe shi daidai yadda karkarwa za ta daina, ka tsaya nan. Mutane kan buɗe shi da yawa, sai su ja sanda jirgi ya yi shiru, su ƙara ja, ya zabura. Na biyu kaifin ji. Sandar jirgin gaske doguwa ce, taka gajera, don haka in wasan ya ba ka dama ka rage kaifin a tsakiya, yadda ɗan motsi zai ba da ɗan juyi.

Kuma ka ware maɓallai biyu mafi kusa da babban yatsanka don tirim, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tirim shi ke sa jirgi ya riƙe hancinsa da kansa, ka daina kokawa da sifirin ɗin sanda. Ina ganin rabin masu cewa sandarsu ba ta da kyau, tirim ne ba su koya ba. Ka ɗauki ƙaramin jirgin Cessna 172 a wasan, ka tashi daga filin Garwa, lambarsa FKKR, ka bi Binuwai zuwa tafkin Lagdo ka dawo, kana neman gudun da bai wuce not 65 zuwa 70 ba wajen gangarowa (not shi ne ma'aunin gudun jirgi). In hannu ya faɗa, ka nufi filin jirgin Salak na Marwa, lambarsa FKKL, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Da ka gama, ka lulluɓe sandar da ƙyalle, kuma kada ka zuba mata mai. In ta fara rawa, feshin da masu gyaran rediyo ke wanke maɓallai da shi ake sa mata.

TAMBAYA: Malam, daga Njamena nake. Na sayo wa ɗana sabuwar sanda, amma da ya ba Cessna wuta a titin tashi sai ta riƙa jan hagu har ta fita ciyawa. Ko an sayar mini da marar kyau ne?

AMSA: Alhaji, da wuya. Haka jirgin gaske mai farfela ɗaya yake yi. Iskar da farfela ke murɗowa tana dukan wutsiya daga gefen hagu, sai hanci ya karkata can, kuma matuƙa suna taka fedar dama don su miƙe shi. Ka fara gwada sandar a joy.cpl kamar yadda na faɗa wa ɗalibin Garwa. In kuros ya tsaya a tsakiya, sandarka lafiya lau take. Yaron ya riƙa ƙara wuta sannu a hankali, yana murɗa sandar dama kaɗan, idonsa a kan ƙarshen titi, har gudu ya kai not 55, sannan ya ɗaga hanci.