Digiri na biyu a fannin ilimi ta intanet: waya, katin banki da makon farko

Tambayoyin wannan karon kusan duk daga malaman makaranta suka zo, kuma a kan abu guda. Na tsamo biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce, shekarata takwas ina koyarwa. Ina so in yi digiri na biyu a fannin ilimi ta intanet, amma ba ni da kwamfuta sai wayar Android. Za ta wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Wayar za ta raka ki, amma ba za ta kai ki ƙarshe ba. Yawancin jami'o'i suna ɗora darussansu ne a kan dandalin koyarwa na intanet irin su Canvas ko Moodle ko Blackboard, kuma dukkansu suna da manhajar waya. Za ki iya karanta darasi, ki kalli bidiyo, ki shiga muhawara da sauran ɗalibai. Manhajar Moodle ma takan ba da dama a sauke darussa a karanta ba tare da intanet ba, idan jami'ar ta buɗe wannan damar.

Inda gizo ke saƙar shi ne jarrabawa. Jami'o'i da yawa suna sa ido a kan ɗalibi ta manhajoji irin su Proctorio da Respondus LockDown Browser, waɗanda ke rufe sauran shafuka, wasu kuma su kunna kyamara suna kallon ki har ki gama. Proctorio a burauzar kwamfuta yake aiki, ba a waya ba. Sai kuma rubutu. Karatun ilimi a wannan mataki rubutu ne tsagwaronsa: maƙala mai shafi goma sha biyar, da manazarta, da jadawali. Wanda ya taɓa gwada gyara irin wannan da babban yatsa ya san azabar.

Saboda haka kina buƙatar kwamfuta, amma ba sai sabuwa ko mai tsada ba. Ki nemi mai RAM gigabait 8, da ma'ajiya irin ta SSD, da kyamara da makirufo masu aiki. Idan ta hannu za ki saya, ki tabbatar tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 kyauta tun ranar 14 ga Oktoba 2025. Kafin ki biya mai sayarwa, ki buɗe shafin jami'ar inda suka jera abin da suke buƙata a kwamfuta, ki gwada kyamarar a gabansa.

Lissafin data kuwa mai sauƙi ne. Bidiyon da ke tafiya a kan megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa guda. Don haka ki tambayi jami'ar tun yanzu: darussan kai tsaye ake yi ta Zoom, ko naɗaɗɗu ne da za ki kalla lokacin da kika ga dama? Ga malamin da ke koyarwa da safe, wannan tambayar ta fi sunan jami'ar muhimmanci.

Tambaya: Sau huɗu ina gwada biyan kuɗin zango da katina, kullum sai ya ƙi, alhali akwai kuɗi a asusun. Mene ne matsalar?

Amsa: Da farko Malam, ka dakata haka nan. Kowane gwaji yana iya sa banki ya riƙe kuɗin na ɗan lokaci ko da biyan bai tafi ba, kuma yawan maimaitawa yana sa na'urar tsaron banki ta ɗauka ɓarawo ne, ta toshe katin gaba ɗaya.

Dalilan ba su cika wuce huɗu ba. Ko dai ba a buɗe wa katin biya zuwa ƙasar waje ba, ko kuɗin ya haura iyakar da banki ya sa na rana ko na wata, ko lambar tabbatarwa da ake turowa ta waya ba ta iso a kan lokaci ba, ko kuma adireshin da ka rubuta a shafin bai yi daidai da wanda ke wurin banki ba. Na ƙarshen nan shi ya fi ɓoyewa, don wasu shafukan, musamman na Amurka, suna gwada adireshin kafin su karɓa. Kira ɗaya zuwa banki zai gaya maka wanne ne.

Idan katin ya ci tura, duba ko jami'ar tana karɓa ta Flywire ko Convera. Kamfanoni ne da jami'o'i ke hulɗa da su don karɓar kuɗin ɗaliban waje, kuma a ƙasashe da dama suna barin mutum ya biya da kuɗin ƙasarsa. Akwai kuma turawa banki zuwa banki ta SWIFT, amma a nan bankunan da ke tsakani sukan yanki nasu a hanya, sai kuɗin ya isa da giɓi, jami'a ta ce ba ka cika ba, ta hana ka rajista saboda 'yan daloli. Ka gaya wa bankinka kai za ka ɗauki duk cajin, kuma ka rubuta lambarka ta ɗalibi a wurin bayani.

Abu guda da ba na sassauci a kansa: kada ka biya ta mahaɗin da aka turo maka a imel ko WhatsApp, ko da da tambarin jami'ar. Ka rubuta adireshin da hannunka, ka shiga shafinka na ɗalibi, ka biya daga can. Saƙon da ya ce "mun canza lambar asusu" tsohuwar dabarar 'yan damfara ce.

Tambaya: Yaya zan gane jami'ar ta gaskiya ce?

Amsa: Kyan shafi ba hujja ba ne, kowa na iya ƙera shi a yini ɗaya. Idan ta Amurka ce, nemi sunanta a rumbun bayanan CHEA, majalisar da ke sa ido kan tantance manyan makarantu a can, ko na ma'aikatar ilimin ƙasar. Tun 2001 ba a ba da adireshi mai ƙarewa da .edu sai ga makarantun da aka tantance, sai dai waɗanda suka samu kafin lokacin an bar musu nasu, saboda haka alama ce kawai. Idan ta Ingila ce, akwai rajistar Office for Students, hukumar da ke kula da jami'o'in can. Bayan haka ka tambayi wurin aikinka a rubuce ko za su amince da digirin wajen ƙarin girma. Digiri na biyu a ilimi daban, lasisin koyarwa daban. Samun wancan ba ya nufin an ba ka wannan.

Tambaya: Malam, akwai tallafi ko hanya mai sauƙi? Kuɗin da nake gani yana tsorata ni.

Amsa: Akwai, amma a karanta sharuɗɗa. University of the People, wadda Shai Reshef ya kafa a 2009, tana da digiri na biyu a koyarwa da ta tsara tare da International Baccalaureate, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa da ƙasa. Ba ta karɓar kuɗin koyarwa, amma ana biyan kuɗin tantance aikin ɗalibi a kan kowane kwas, don haka "kyauta" ɗin ba kyauta ba ce tsaf. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth a Birtaniya tana da tallafi na musamman ga masu digiri na biyu daga nesa, ga 'yan wasu ƙasashen ƙungiyar, a kan zaɓaɓɓun kwasa-kwasai. FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin Amurka, da tallafin TEACH na masu shirin koyarwa da ake yawan gani a shafukan jami'o'in Amurka na 'yan ƙasar ne da wasu mazauna da doka ta amince da su. Shi TEACH ma, wanda bai cika alkawarin koyarwa na shekara 4 ba, tallafin bashi yake komawa.

A tsarin Amurka farashin da ake tallatawa yawanci na kiredit ɗaya ne, wato ma'aunin nauyin kwas, digirin kuma kan kai kiredit 30 zuwa 36. Ka ninka, sannan ka ɗora abubuwan da ba a sa su a talla: kuɗin fasaha, kuɗin sa ido a jarrabawa, jarrabawar Turanci irin IELTS ko TOEFL, da tantance takardun digirin farko a wurare irin WES. Ni dai shawarata, idan jami'ar ta yarda a biya kwas-kwas, fara da ɗaya. Zango guda ya isa ya nuna maka ko intanet ɗinka da lokacinka za su ɗauka. Ka kuma rubuta ranar ƙarshe ta janyewa a mayar maka da kuɗi, don kwanakin ba su da yawa.

Tambaya: An ɗauke ni, za mu fara nan da mako biyu. Me zan shirya?

Amsa: Barka, Allah ya sa albarka. Fara da imel ɗin da jami'a ta ba ki, domin can ake turo komai, kuma da shi ne a makarantu da yawa ake samun Word da Excel kyauta. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki rubuta lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa don shiga asusu ba tare da waya ba a takarda, saboda ranar da waya ta ɓata kada a kulle ki a waje ana tsaka da jarrabawa.

Sai agogo. Ki shiga saitin Canvas, ko duk dandalin da jami'arki ke amfani da shi, ki sa lokacin inda kike zaune, in ba haka ba "11:59 na dare" da kike gani na iya zama na wata nahiya. Yawancin jihohin Amurka suna matsar da agogonsu da awa guda a Maris da Nuwamba, Turai kuma a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, sai ki tarar ajin da kika saba shiga ya gusa ba sanarwa.

Ki saka Zotero tun kafin aikin farko. Kyauta ne, yana tattara manazarta ya tsara su a salon APA, wanda fannin ilimi ya fi amfani da shi. Rubutunki kuma ya zauna a ma'ajiyar intanet irin su OneDrive ko Google Drive, ba a kwamfutar kaɗai ba. Idan akwai jarrabawar gwaji ta manhajar sa ido, ki yi ta a makon farko, a ɗakin da za ki yi ta gaske, da hasken da za ki yi amfani da shi.