Tambayi Likita: Wata bakwai da ɗori, ƙafa ba ta daina mugunya ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ne mai shekara 26, yana tuƙa Keke Napep. Wata bakwai ke nan da mota ta buge shi a Farin Gada, ƙwaurinsa na dama ya karye har ƙashi ya huda fata. Muka kai shi wurin mai ɗori, an ɗaure shi da karare har sau uku. Mikin ya rufe, saura wani ɗan rami da bai fi ƙwayar wake ba, kullum yana tsiyayar da mugunya. In ya sha kafso sai ya bushe, bayan sati biyu ya dawo. Har yau bai iya taka ƙafar. Wasu sun ce sanyin Jos ne, wasu sun ce a sake ɗorin. Yaya za mu yi?
Wata uwa daga Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam Mama. Sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya.

Mu fara wanke sanyin Jos. Gaskiya ne tsohuwar karaya kan yi tsami lokacin hunturu, amma sanyi ba ya haifar da mugunya. Wannan ɗan ramin da kike rainawa shi ne ya fi damuna a duk wasiƙarki. Ranar da ƙashi ya huda fata, ƙasar titi da ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa har cikin ɓargo. Irin wannan karaya, wankewa take buƙata a ɗakin tiyata tun a ranar, da allurai. Da aka ɗaure a haka, an rufe ɓarawo ne a cikin ɗaki.

Abin da nake zargi, ban gan shi ba dai, shi ne wani ɓangare na ƙashin ya mutu saboda jini ya daina kai masa. Mataccen ƙashi kuwa magani ba ya shigarsa, don jini ne ke ɗaukar magani ya kai. Shi ya sa kafso ke kwantar da abin na ɗan lokaci, ya sake tashi. Na sha ciro irin wannan guntu a tiyata: abu kamar ƙwallon dabino, fari-fari, gefensa duk a cinye kamar gara ta yi aiki, yana iyo cikin mugunya. Wani saurayi da na nuna wa nasa a cikin kwalba ya daɗe yana kallo, ya kasa yarda wannan ɗan abu ne ya zaunar da shi shekara guda.

Sai batun takawa. Ƙwaurin babban mutum kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe, kuma dama ƙashi ne mai taurin kai, musamman kusa da idon sawu, inda nama ba shi da yawa, jini ma haka. Wanda ya kai wata bakwai bai taka ba, da wuya a ce ƙashin ya kama. Kowane sabon ɗori kuma, in an ja an murɗa, ɗan danƙon da jiki ya fara haɗawa ne ake tsinkawa. Ba raina masu ɗori nake ba, kakana ma a hannunsu ya warke daga karayar hannu. Amma tasa fata ba ta fashe ba.

Ki kai shi sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙashi na Dala in kuna da masauki a Kano. Za a ɗauki hoton ƙafar, a gwada jini, a auna suga, a duba ko yana da sikila, don duka biyun suna jawo irin wannan. Wataƙila a yi aiki a kwashe mataccen ƙashin, a kai shi gwaji a san ƙwayar cutar, sannan a ba shi maganin da ya dace na kimanin sati shida. Wani lokaci akan kafa ƙarfe ta waje ya riƙe ƙafar, daga baya a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa a cike gurbin. Akwai kuɗi a ciki, ba zan ɓoye miki ba, a fara shawara da dangi tun yanzu.

In yana shan taba, ya ajiye. Na san ba a gaban uwa ake sha ba, ki sa yayansa ya tambaye shi. Taba tana matse hanyoyin jini, tana jinkirta haɗuwar ƙashi ƙwarai. Ya samu ƙwai, wake, kifi da nono gwargwadon hali. A daina zuba garin kafso a ramin, a rufe da bandeji mai tsabta kawai.

Idan kuma zazzaɓi ya rufe shi, ko ƙafar ta kumbura ta yi zafi, ko yatsun suka yi sanyi suka fara baƙi, kada a jira gari ya waye. A kwance duk abin da ke ɗaure a ƙafar, a nemi mota zuwa sashen gaggawa a daren.