Amsa: Me ya sa χT ke faɗuwa ƙasa da 10 K?

Ɗan'uwa, ka ce molekul ɗinka na da ƙwayoyin jan ƙarfe biyu, kuma χT, wato ƙarfin amsa maganaɗisu (χ) sau zafi (T), ya rufto da zafi ya sauka ƙasa da 10 K (Kelvin) a na'urar awon maganaɗisu ta SQUID, kana tambaya ko maƙwabtan molekul ne ke jan juna ta maganaɗisu. Yana yiwuwa, amma kada ka yi gaggawar rubuta haka.

Fara duba χT a 300 K. Ƙwayoyi biyu da ba ruwansu da juna za su ba ka 0.75 cm³ K/mol idan g, ma'aunin ƙarfin maganaɗisun electron, ya zama 2. A jan ƙarfe ka sa ran 0.8 zuwa 0.9. In lambarka ta kauce sosai, yawanci nauyi ne ko gyaran lissafi: ruwan da ke cikin kiristal ya tsere, ko ba ka cire gudummawar kwanson jelatin da aka zuba garin a ciki da ta diamagnetism ɗin molekul ɗin kansa (lissafin Pascal) ba. Miligiram 10 zuwa 20 ya wadatar, a filin maganaɗisu na tesla 0.1. Ka daskarar da garin cikin eikosen, wani irin kaki, don kada ya juya ya bi filin. Cokalin ƙarfe kuwa, ko kusa. Ɗan ɓurɓushinsa ya isa ya ɓata komai, kuma awon M (maganaɗisun garin) da H (ƙarfin filin) a 300 K zai tona shi, domin layin ba zai bi ta sifili ba. Ƙusumbi a zanen wajen 50 K oksijin ne, sai ka sake zuƙe iska.

In bayanan sun tsarkaka, abu uku ke kawo wannan faɗuwa, kuma kamanninsu ɗaya a zane: raunin J, wato hulɗar maganaɗisu tsakanin ƙwayoyin biyu a cikin molekul, rabewar matakan S = 1 (yanayin da maganaɗisun ƙwayoyin biyu ke fuskantar wuri ɗaya) ba tare da fili ba, sai hulɗar maƙwabta. Lissafin Bleaney da Bowers na 1952 zai karɓi kowanne in ka ƙara masa zJ′, kason hulɗar maƙwabta, shi ya sa kyawun layi ba hujja ba ne.

Abin da ke raba gardama shi ne nisanta molekul ɗin. Narkar da garin a cikin ruwan sinadari ka daskarar, ka sake awo. In faɗuwar ta ɓace, maƙwabta ne. Haɗa shi da takwaransa na tutiya ma hanya ce, sai dai ƙwayoyin kan yi musanya ka tashi da Cu–Zn, wato molekul mai jan ƙarfe ɗaya da tutiya ɗaya. Awon EPR, mai gano electron marasa abokin haɗi, zai nuna maka.

Wajen rubutawa, faɗi ko tsarin lissafin −2J ka bi ko na −J, don bambancinsu ninki biyu ne cur.