Kunnenka ba ya ganin hazo

Lawali, jiya da muke tura jirgin sama cikin rumfa ka tambaye ni dalilin da ya sa nake matsa maka da hular nan mai hana ganin waje, alhali kai kana jin jirgi a jikinka, in ya karkata za ka sani ko idonka a rufe. Na yi shiru ne don akwai mutane.

Jikin nan da kake taƙama da shi, irinsa ne ya kusa kai ni kabari. Wata Janairu na tashi daga nan Zinder da ƙaramin jirgi ƙirar Cessna zan je Maraɗi. Da safe gari garau, har duwatsun Birni ana gani. Ban kai Takeita ba hazon hunturu ya rufe, sama ja, ƙasa ja, babu layin da ya raba su. Taswirata ta zame ƙarƙashin kujera, na sunkuya ina lalube. Da na ɗago sai na ga agogon orizon, wato mai nuna karkatar jirgi, yana nuna fiffiken hagu ya nutse ƙasa, ni kuwa zaune nake daram kamar a kan tabarma. Na ce agogon nan ya lalace. Na ga allurar tsawo tana sauka, na ja sitiyari, sai gudu ya ƙaru, kukan iska ya canza. Abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, shi ne idona ya faɗa kan kamfas yana ta juyawa. Agogo uku ba za su haɗa baki su yi mini ƙarya ba. Na daidaita fiffike tukuna, sannan na ɗaga hanci a hankali. Kuma ka san me? Bayan jirgi ya miƙe, sai jikina ya rantse mun kwanta dama. Na daɗe kafaɗata tana jingine da ƙofa, riga ta jiƙe sharkaf, ina faɗa da hannuna kada ya mayar da mu cikin karkatar.

A cikin kunnenka akwai ƴan bututu uku masu ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ka juya. In jirgi ya karkata sannu-sannu, ruwan ba ya ma motsawa. In kuma ka daɗe cikin kwana kamar daƙiƙa 20, ruwan ya kwanta, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka a miƙe kake. A ƙasa ido ke gyara wannan. A hazo ido ba shi da abin kamawa. Jan sitiyari kuwa, muddin fiffike na karkace, ƙara matse kwanar yake yi, jirgi ya dinga murɗawa ƙasa kamar ruwa a mazurari.

A 1954 jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agogo ba, aka rufe musu ganin waje. Babu wanda ya riƙe jirgi, matsakaicin lokacin da suka yi kafin ya kuɓuce musu daƙiƙa 178 ne. Ko minti uku bai cika ba. Ɗan tsohon shugaban Amurka, John Kennedy ƙarami, haka ya faɗa teku a Yulin 1999 da ƙaramin Piper, da dare cikin hazo, tare da matarsa da yayarta. Masu bincike ba su sami laifin inji ba.

Babban kuskurena ma ba taswirar ba ce. Tun da na ga hanyar mota ta fara ɓacewa ya kamata in juyo gida. Kwana mai digiri 3 a daƙiƙa, minti ɗaya cak, ka fuskanci inda ka fito. Amma wai kada a ce na ji tsoron ƙura. Girman kai rawanin tsiya.

Kada kuma ka ɗauka agogo annabi ne. In famfon da ke juya orizon ya mutu, agogon ba ya faɗuwa nan take, a hankali yake kwantawa, kai kuma ka bi shi. Shi ya sa nake buge maka hannu in ka kafe ido wuri ɗaya. Ka duba wannan, ka tambayi wancan. Lambar nauyin iska da hasumiya ke ba ka, ka maimaita ta da baki kafin ka murɗa ta a agogon tsawo. Kuskuren maki 10 kusan ƙafa 300 ne, duwatsun Damagaram kuwa ba sa matsawa.

Gobe ka zo ƙarfe 7. Kafin komai ka leƙa bututun auna gudun jirgi da ke ƙarƙashin fiffike, na ga zanzaro yana shawagi a rumfa da laka a baki, kuma murfin ya ɓace tun Talata. In mun hau zan sa ka rufe ido, in yi kwana biyu uku, ka gaya mini inda muke. Kada ka cika ciki da fura, kuma ka taho da leda.