Ƙarar haƙƙin ƙirƙira a Amurka: abin da za ka iya nema daga ƙwararren da abokin shari'arka ya ɗauko

Malam, bisa bayaninka, wani kamfani ya kai ƙaramin kamfaninku ƙara a kotun tarayya ta jihar Delaware cewa manhajarku ta keta haƙƙin ƙirƙirarsa, kuma yanzu kuna matakin musayar takardu kafin a zauna shari'a. Ban ga takardun ba, saboda haka maganar ƙarshe tana wurin lauyan da ke riƙe da shari'ar.

Kana ganin doka ta ba ka damar karanta duk wasiƙun da suka gudana tsakanin ƙwararren da masu ƙarar suka ɗauko ya ba da shaida da lauyoyinsu, har da daftarorin rahotonsa. Kafin 2010 wataƙila da kana da hujja, amma a shekarar aka yi wa Doka ta 26 ta dokokin shari'ar farar hula na tarayya gyara, wanda ya kare daftarori da galibin waɗannan tattaunawa. Abin da ya rage maka shi ne sanin nawa ake biyansa, da bayanan da lauyoyi suka ba shi ya duba, da abubuwan da suka ce ya ɗauka tamkar gaskiya ya gina ra'ayinsa a kai. Ba ƙaramin abu ba ne, domin idan lauyanka ya zaunar da shi yana amsa tambayoyi bisa rantsuwa, a nan ake gane ko lissafin diyyar da ya yi yana da tushe. Sai dai lokacin tambayoyin yini ɗaya ne na awa 7, in ba alƙali ya ƙara ko ɓangarorin sun amince ba.

Haka kuma, cewa lambobin manhajarku, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, sirrin kasuwanci ne ba zai isa ya hana a duba su ba. Abin da aka saba shi ne kotu ta ba da umarnin kariya: a ajiye su a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, lauyoyin waje da ƙwararru kaɗai su shiga ɗakin, a kuma taƙaita shafukan da za a buga.

Neman da masu ƙarar suka yi na saƙonnin imel ɗinku na shekara goma kuwa, ina ganin sun wuce gona da iri, kuma gyaran da aka yi wa Doka ta 26 a 2015 ya ce abin da ake nema ya dace da girman shari'ar. Duk da haka dole lauyoyin su tattauna kafin a kai wa alƙali kuka, kuma Doka ta 37 na iya ɗora wa wanda ya yi taurin kai kuɗin ɗawainiyar ɗaya ɓangaren.

Irin wannan shari'a takan ci miliyoyin daloli. Ina ba ka shawarar ku nemi mai shiga tsakani, musamman bayan alƙali ya fassara iyakokin haƙƙin, lokacin da kowa ke ganin ƙarfin hujjarsa. Yarjejeniyar lasisi, wato su ba ku izinin amfani da ƙirƙirar, na iya fi muku sauƙi. Kafin nan, kada wani ma'aikacinku ya goge saƙo ko guda.